An Cire Mahaifa, An Manta da Ƙashi

Goggona, yayar mahaifina, tana da shekara 42 aka cire mata mahaifa. Ƙari ne ya cika mata mahaifar, ta shafe kusan shekara uku tana fama da zubar jini, har sau biyu ana yi mata ƙarin jini, ta rame ta yi fari fat, ko matakala za ta hau sai ta tsaya a tsakiya ta mayar da numfashi. Da aka yi aikin aka sallame ta, kowa a cikin dangi ya yi hamdala, kuma hamdalar ta dace, domin jinin ya tsaya, ƙarfinta ya dawo, ta koma harkokinta kamar ba ita ce ta kwanta ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka tiyatar nake kushewa. Tiyatar ta ceci ran Goggo, kuma ko yau aka sake kawo maganar, ni ce ta farko da zan ce a yi ta. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara 24 da suka biyo baya, waɗanda a cikinsu ta je asibiti ba adadi saboda hawan jini da ciwon ido da sauran ƙananan larurori, amma ba a sami mutum ɗaya da ya haɗa tabon da ke ƙasan cibiyarta da lafiyar ƙasusuwanta ba.

Tana da shekara 61 santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta kai hannu ta dafa ƙasa, wuyan hannun ya karye. An ɗauki hoto, an sa mata filasta na mako shida, an cire, aka ce ya warke, mu kuma muka ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Shekara biyar bayan haka ta sunkuya za ta ɗaga bokitin ruwa wanda bai ma cika ba, sai ta ji wani abu ya soke ta a tsakiyar baya kamar an caka mata wuƙa, ta durƙushe a wurin. Ta yi makonni tana shan maganin kashe zafi tana shafa man zafi, ciwon ya ɗan lafa, amma tafiyarta ta canza. Ranar da na je gaishe ta na tsaya kusa da ita, sai na lura daga sama nake kallon ta, alhali tun ina budurwa kafaɗarmu ɗaya. Bakin rigarta yana jan ƙasa, kuma kwanukan da ta saba ajiyewa a saman kabad duk ta sauko da su, domin hannunta ya daina kaiwa. Na ce, "Goggo, kin lura kuwa kin rage tsawo?" Ta ce, "'Yar nan, tsufa ne, duk wanda ya daɗe haka zai koma."

Likitan da muka kai ta wurinsa bai yarda tsufa ne kaɗai ba. Ya jingina ta da bango ya auna tsawonta, ya kwatanta da abin da ke rubuce a tsohon katinta, ya ga ta rasa santimita 6, alhali rasa fiye da santimita 4 ma ya isa ya sa a binciki ƙashin baya. Hoton da aka ɗauka ya nuna gaɓoɓi biyu na ƙashin bayanta sun lotsa, sun danne kansu kamar bulon da ruwa ya ci gindinsa. Daga nan sai ya yi mata tambayar da ya kamata a ce an yi mata tun tuni: "Mama, da aka cire miki mahaifa, an bar miki ma'ajiyar ƙwai ko an haɗa da ita?" Goggo ta yi shiru, can ta ce, "Likita, ni dai an ce mini an cire mahaifa." Da muka koma gida muka zazzage wani tsohon ambulan, muka sami takardar sallamarta ta yi ja don daɗewa, a kanta an rubuta haruffa shida da hannu, TAH da BSO. Haruffa ukun farko suna nufin an cire mahaifa gaba ɗaya ta hanyar yanka ciki, uku na biyun kuma suna nufin an haɗa da ma'ajiyar ƙwai ta dama da ta hagu da bututunsu. A nan ne Goggo ta tuna cewa kwanaki kaɗan bayan aikin ta riƙa farkawa cikin dare jiƙe sharkaf da gumi, wani zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ita kuma ta ɗauka ragowar wahalar tiyata ce. Ashe ɗaukewar al'ada ce ta faɗo mata a yini ɗaya, kusan shekara tara kafin lokacin da akasarin mata ke kaiwa can.

Maganar da muke yi ta "an cire mata mahaifa" tana rufe ayyuka daban-daban waɗanda sakamakonsu a kan ƙashi ba ɗaya ba ne. Mahaifa ita ce mazaunin ciki, kuma daga bangonta jinin al'ada ke fitowa, amma ba ita ke samar da sinadarin estrojin ba. Ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da shi, waɗansu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke gefen mahaifa dama da hagu, kowacce ba ta wuce girman babban yatsa ba. Ana iya cire mahaifa a bar su duka, ana iya cire ɗaya a bar ɗaya, ana kuma iya kwashe su gaba ɗaya. Duk matan nan uku ba za su sake ganin al'ada ba, duk kuma abu ɗaya za a faɗa a kansu a cikin dangi, amma ta ukun ta rasa abin da ke tsare mata ƙashi tun kafin ta farfaɗo daga allurar barci.

Da yawanmu mun ɗauki ƙashi a matsayin sandar da aka sassaƙa sau ɗaya aka gama, amma ƙashi rayayyen abu ne da ake rushewa ana sake ginawa har ƙarshen rai. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke wannan aiki: waɗansu suna kankare tsohon ƙashi su bar 'yan ramuka, waɗansu kuma suna biyo bayansu su cike ramukan da sabo, ta yadda kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babban mutum ake sabuntawa a kowace shekara. Tun daga ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30 magina sun fi masu rushewa ƙarfi, saboda haka ƙashi ke ta ƙara kauri, daga nan a yi kunnen doki na wasu shekaru. Aikin estrojin a jikin mace shi ne riƙe linzamin masu rushewar, yana hana su yawaita, yana kuma rage musu tsawon rai. Ranar da ya ja baya, sai su yi yawa su riƙa haƙa ramuka masu zurfi fiye da yadda magina za su iya cikewa. Ɓarnar tana farawa ne daga cikin ƙashi, inda yake da siffar saƙar zuma, musamman a gaɓoɓin baya da wuyan hannu da wuyan ƙashin cinya. Siraran ginshiƙan da ke ciki suna ta ƙara sirancewa har waɗansu su tsinke, kuma wanda ya tsinke ba ya sake haɗuwa. Daga waje ba a ganin komai, kamar azarar da gara ta cinye cikinta ta bar fatar, sai ranar da aka ɗora mata ɗan nauyi.

Wannan shi ne ciwon zaizayewar ƙashi, wanda likitoci ke kira ostiyoforosis, sunan da ake dangantawa da wani likitan Faransa, Jean Lobstein, wanda ya lura da ƙasusuwa masu ramuka a shekarun 1830. Wanda ya haɗa ciwon da rashin estrojin kuwa shi ne Fuller Albright, likita a birnin Boston na Amurka, a shekarun 1940 da 1941, bayan ya ga cewa masu zuwa wurinsa da lotsewar ƙashin baya kusan dukansu mata ne da al'adarsu ta ɗauke, cikinsu har da waɗanda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai tun da sauran ƙuruciyarsu. Ma'ana, tun kafin a haifi Goggo ilimin nan yake a rubuce. Macen da al'adarta ta ɗauke da kanta, galibi tsakanin shekara 45 da 55, takan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na kaurin ƙashin bayanta a shekarun da ke kewaye da ɗaukewar, duk da cewa estrojin ɗinta a hankali yake sauka, jiki yana samun sararin sabawa. Wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai tana tsakiyar ganin al'ada, nata saukar ta farat ɗaya ce, kuma duk shekarar da aka rage mata kafin lokacinta, shekara ce da aka ƙara wa zaizayar. Idan wadda aka yi wa aikin tana da shekara 42, kamar Goggo, ta kai 65, ƙashinta ya yi shekara ashirin da wani abu ba tare da mai tsaronsa ba, yayin da na tsararta bai wuce goma sha huɗu ba.

Wadda aka bar wa ma'ajiyar ƙwai tana cikin hali mafi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ita ma akwai abin da ya kamata ta sani, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi. Ma'ajiyar ƙwai tana samun jini ta hanya biyu, ɗaya daga babbar jijiyar ciki, ɗaya kuma reshe ne na jijiyar mahaifa, wanda ake ɗaurewa a yanke yayin tiyata. Ana ganin wannan na daga cikin dalilan da ke sa ta gaji da wuri a jikin waɗansu mata. Wani bincike da aka buga a 2005 daga ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa matan da aka cire wa mahaifa aka bar musu ma'ajiyar ƙwai sun riga tsararsu shiga ɗaukewar al'ada da kusan shekara huɗu. Wani kuma daga Jami'ar Duke a Amurka, a 2011, ya gano cewa haɗarin ma'ajiyar ta daina aiki cikin 'yan shekarun da ke bin tiyata ya kusa ninka na waɗanda ba a yi wa ba. Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Mace mai mahaifa tana da abin da ke shaida mata halin da take ciki, domin za ta ga al'adarta ta fara tsallake wata, ta fara raguwa, har ta ɗauke, ta san shekarar da abin ya faru. Wadda ba ta da mahaifa an ɗauke mata wannan shaida tun ranar tiyata. Idan ba ta cikin masu jin tasowar zafi da gumin dare sosai, ma'ajiyar ƙwanta za ta iya yin shiru tana da shekara 44, ita kuma tana zaton tana da sauran lokaci, ƙashinta yana ta zaizayewa shekara bayan shekara. Gwajin jini na sinadarin FSH, wanda ke hauhawa idan ma'ajiyar ƙwai ta daina aiki, yana iya taimaka wa likita ya gane inda aka kwana, amma sai an tuna an nema.

Game da matar da al'adarta ta riga ta ɗauke kafin a cire mata mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, sakamakon bincike bai zo baki ɗaya ba. An san cewa ma'ajiyar ba ta mutuwa murus bayan ɗaukewar al'ada, tana ci gaba da fitar da ɗan sinadarin testosteron, wanda kitsen jiki ke juya wani ɓangarensa ya koma estrojin. Binciken asibitin Mayo na jihar Minnesota a 2003, a kan mata 340 da aka cire wa ita bayan ɗaukewar al'ada, ya sami ƙarin karaya a cikinsu fiye da yadda aka zata, amma wani bincike mafi girma da aka buga a 2011, a kan mata sama da 25,000 da aka cire wa mahaifa a shekaru daban-daban, bai ga ƙarin karayar kwatangwalo ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne na wadda aka yi wa aikin da wuri, musamman kafin shekara 45, aka kuma bar ta ba magani.

Ba na ɗora wa likitan da ya yi wa Goggo aiki laifin cire ma'ajiyar, domin a zamanin haka ake koyarwa: tunda an riga an buɗe ciki, matar kuma ta gama haihuwa, gara a kwashe ta don a kawar da haɗarin sankarar ma'ajiyar ƙwai, wadda muguwa ce kuma ba a cika gano ta da wuri ba. Tunanin ya fara sauyawa ne da aka bi diddigin matan tsawon lokaci. A 2009 aka buga sakamakon babban binciken lafiyar ma'aikatan jinya na Amurka, wanda ya bi mata sama da 29,000 da aka cire wa mahaifa ba don sankara ba, har tsawon shekara 24. Waɗanda aka haɗa da ma'ajiyar ƙwansu sun sami raguwar sankarar ma'ajiyar da ta mama, amma ciwon zuciya da mutuwa gaba ɗaya sun fi yawa a cikinsu. Shi ya sa a yau likitoci da yawa ke barin ma'ajiyar idan lafiyarta ƙalau, su cire bututun ƙwai kaɗai, tunda an gano cewa da yawa daga cikin wannan sankara daga bakin bututun take farawa. Akwai matan da cirewar ita ce daidai, kamar masu gadon sauyin ƙwayar halitta ta BRCA1 ko BRCA2, wanda ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta ma'ajiyar ƙwai, ko waɗanda sankara ce ta kai su ga tiyatar, kuma ba zan so wata daga cikinsu ta karanta wannan ta ja da baya ba. Abin da nake ɗora wa wanda ya sallami Goggo shi ne barin mace mai shekara 42 ta fita ƙofar asibiti ba ta san abin da aka cire mata ba, ba a kuma ba ta abin da zai maye gurbinsa ba.

Abin da zai maye gurbin kuwa sananne ne, estrojin ne, a ƙwaya ko a faci na mannawa a fata ko a man shafawa. Ƙa'idar da hukumomin lafiya irin su NICE ta Birtaniya ke bi ita ce, macen da al'adarta ta ɗauke tun kafin lokaci a ba ta shi har ta kai shekarun da al'ada ke ɗaukewa da kanta, wajen 51, matuƙar babu wani dalili na hani kamar sankarar mama. Wannan ba ƙari ba ne a kan abin da jikinta ya saba, mayar mata da abin da tsararta ke da shi ne. Sai dai a watan Yuli na 2002 wani tsoro ya shiga duniya, lokacin da aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata da ake kira WHI a Amurka saboda an ga ƙarin sankarar mama da ciwon zuciya a cikin matan da ke shan estrojin haɗe da wani sinadarin da ake kira frojestin. Mata da yawa suka zubar da maganinsu, likitoci da yawa suka daina rubutawa, ba tare da an bambanta wa abin ya shafa ba. Ita frojestin ana haɗa ta ne don ta kare bangon mahaifa daga sankara, saboda haka mafi yawan waɗanda ba su da mahaifa ba sa buƙatarta. Binciken yana da ɓangare na biyu na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa, masu shekara 50 zuwa 79, waɗanda aka gwada estrojin shi kaɗai a kansu. Da aka fitar da sakamakonsa a 2004, karayar kwatangwalo ta ragu da kashi 39 cikin 100, sankarar mama ba ta ƙaru ba, amma shanyewar ɓarin jiki ta ƙaru, wanda shi ne dalilin dakatar da shi. Daga nan aka fahimci cewa shekarun farawa suna da muhimmanci: amfaninsa ya fi rinjaye ga wadda ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba. Ga Goggo mai shekara 66 wannan ƙofa ta riga ta rufe, kuma likitan ya faɗa mana haka ba tare da kwana-kwana ba.

Ƙofar da ba ta rufe ba ita ce ta gwaji da magani. Ana auna kaurin ƙashi da na'urar DXA, wadda aka fara amfani da ita a 1987. Goggo ta kwanta rigingine da kayanta a jiki, an ɗora ƙafafunta a kan wani matashi mai kusurwa huɗu, hannun na'urar ya bi ta saman ƙugunta da bayanta a hankali, ba allura ba zafi, cikin kusan minti goma sha biyar an gama. Sakamakon yana fitowa ne da abin da ake kira makin T, wanda ke kwatanta ƙashin mutum da na lafiyayyar matashiya. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1994, daga -1 zuwa sama lafiya ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, daga -2.5 zuwa ƙasa kuma zaizayewa ce. Na Goggo ya nuna -3.1. A Amurka shawarar ita ce a gwada duk macen da ta kai 65, da wadda ba ta kai ba idan al'adarta ta ɗauke kuma tana da wani abin da ke ƙara mata haɗari, kamar ɗaukewar al'ada da wuri, rama, shan taba, karayar kwatangwalo a wurin uwa ko uba, ko shan maganin rage kumburi irin su prednisolone na wata uku ko fiye. Inda babu na'urar, akwai lissafin FRAX da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008, wanda likita zai iya cikewa a intanet ya ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara goma masu zuwa, ko da ba a yi hoton ba.

Karayar wuyan hannun nan ta shekara 61 ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙashin babban mutum mai lafiya bai kamata ya karye don ya faɗi daga tsaye ba, kuma duk macen da ta haura 50 ta karye a irin wannan faɗuwa, ƙashin ne yake ba da sanarwa. Da a ranar da aka cire filastar an tambayi tarihin tiyatarta an tura ta gwaji, da an sami shekara biyar cur na magani kafin bayanta ya lotsa. Mutane da yawa kuma suna rikita wannan ciwo da ciwon gaɓoɓi, su ce ai gwiwarsu ba ta ciwo, don haka ƙashinsu lafiya lau. Ciwon gaɓoɓi a mahaɗa yake, yana kuma sanar da kansa kullum, ita kuwa zaizayewa ba ta da zafi ko kaɗan sai an karye. Ko karayar bayan ma, kusan biyu cikin uku ba a gano su a asibiti, sai dai a ga mace tana ranƙwafawa a ce girma ne. Wadda gaɓa ɗaya ta lotsa mata, kusan ɗaya cikin biyar takan sake samun wata a cikin shekara guda idan ba a yi magani ba. Wadda ta fi kowacce muni ita ce ta kwatangwalo, domin kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka same ta ba sa cika shekara a raye, da yawa daga cikin sauran kuma ba sa komawa tafiya da ƙafarsu ba mataimaki.

Magungunan da ake da su suna aiki, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali. Wanda aka fi farawa da shi shi ne alendronate, da aka amince da shi a 1995, ƙwaya ɗaya a mako, da sassafe kafin a ci komai, da kofi cike da ruwa, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na minti 30 ba a kwanta ba, domin yana iya ƙona maƙogwaro idan ya dawo. Goggo tana da ƙwannafi mai tsanani, saboda haka aka zaɓa mata zoledronate, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, kuma a gwajin da aka buga a 2007 ya rage karayar baya da kashi 70 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 41. Kafin a sa mata sai da aka duba ƙodarta da yawan bitamin D da kalsiyam a jininta, aka kuma tura ta wurin likitan haƙori ya gama duk abin da zai yi, saboda a lokuta ƙalilan irin waɗannan magunguna kan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan cire haƙori. Akwai kuma denosumab, allura duk wata shida, wanda ke da sharaɗi mai nauyi da ya kamata kowace mai karɓarsa ta riƙe: ba a tsallake lokacinsa, ba a kuma daina shi haka kawai sai an maye gurbinsa da wani, in ba haka ba ƙashin yakan zube da sauri har gaɓoɓin baya da dama su karye a jere. Ga waɗanda nasu ya yi tsanani ƙwarai akwai masu gina sabon ƙashi, teriparatide da romosozumab.

Kalsiyam da bitamin D kayan gini ne, ba su ne maginan ba, kuma su kaɗai ba sa warkar da ƙashin da ya riga ya zaizaye. Macen da ta haura 50 tana buƙatar kusan miligiram 1,200 na kalsiyam a yini, an fi so ya fito daga abinci, a cike giɓin da ƙwaya idan akwai giɓi. Abin da na ga ya fi wahalar karɓuwa a wurin dangi shi ne motsa jiki, domin da muka ji ƙashinta ba ƙarfi, abin da ya fara zo mana shi ne mu zaunar da ita mu hana ta taɓa komai. Ashe zaman ne ke ƙara cinye ƙashi da tsoka, tsokar da ta yi rauni kuma ita ke kawo faɗuwa. Mai gashin ƙashi ya koya mata tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau goma a jere, da tsayuwa da ƙafa ɗaya tana riƙe da bayan kujera, da yadda za ta durƙusa da gwiwa ta ɗauki abu bayanta a miƙe maimakon ta lanƙwasa shi. Mu kuma muka kafa mata maƙalli a bangon banɗaki, muka ɗauke shimfiɗun da ke zamewa, muka sa fitila a hanyar da take bi cikin dare, aka sake auna mata tabarau.

Ƙarin ruwan farko ya sa mata zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu, kamar yadda aka gargaɗe mu, na biyu da na uku kuwa ba ta ji komai ba. Santimita shidan nan ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba, amma shekara uku ke nan ba ta sake karyewa ba, kuma gwajin baya-bayan nan ya nuna makinta ya ɗaga zuwa -2.7. A watan jiya 'yarta ta biyu, mai shekara 43, ta je ganin likitan mata saboda ƙari irin na mahaifiyarta, aka kuma tsayar da ranar tiyata. Goggo ta ce sai ta raka ta. Tana zaune a gefe da sandarta a tsakanin gwiwoyinta har likitar ta gama bayani, sannan ta buɗe jakarta ta fito da tsohuwar takardar sallamar nan ta ajiye a kan tebur, ta sa yatsa a kan haruffa ukun ƙarshe. Ta ce, "Likita, waɗannan ukun nake so ki gaya mana ko za a yi mata su, in kuma dole ne a yi, me za a ba ta daga baya, kuma har zuwa yaushe." Likitar ta jawo kujerarta kusa, ta ce hoton ya nuna ma'ajiyar ƙwan duka biyu lafiyarsu ƙalau, niyyarta ta bar su ta cire mahaifa da bututu kaɗai, sannan ta ɗauki biro ta rubuta hakan a takardar amincewa kafin a sa hannu.